Sunan da Ake Jin Kunyarsa: Daga Attaura Zuwa Zaurukan Adar

Duk wanda ya zauna a Tawa, ko a Bilbis ne ko a Fakawa, tsofaffin unguwannin da garin ya tsiro daga gare su, ya san cewa sunan da liman ya raɗa wa jariri ran kwana bakwai, bayan an yanka rago, an raba goro da dabino, wanzami kuma ya yi aski, shi ne sunan da ba a cika jin sa a cikin gida ba. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta sai dai ta ce maigida ko malam, yaron da aka mayar wa sunan kakansa kuwa Baba ko Abba zai tashi yana amsawa. Wasu masu ilimin zamani suna ɗaukar wannan alkunya a kan saura ce daga duhun kai. Ni kuwa ina ganin fiƙihu ne na suna, wanda talakan Adar ya riƙe ba tare da ya karanta shi a littafi ba, kuma wanda wata al'umma mai Littafi ta kai shi matuƙa game da sunan Ubangiji kansa.

A cikin littattafan Bani Isra'ila, da harshen Ibrananci, akwai suna mai haruffa huɗu, ya da ha da wau da ha, wanda ya zo fiye da sau 6,800, amma wanda mai karatu ba ya furta shi. In ya iso gare shi sai ya ce Adonai, wato Ubangijina, a zancen yau da kullum kuwa sai a ce Hashem, wato Sunan, a tsaya nan. Babban limaminsu ne yake ambatonsa a Haikalin Baitul Muƙaddas ranar kaffara, sa'an nan da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, lafazin ya yi ta dushewa har aka wayi gari masana suna saɓani a kan wasullansa. Taka-tsantsan ɗinsu ya kai har ga hisabi, abin da malamanmu masu lissafin abajada za su gane nan take: adadin 15 ya kamata a rubuta shi da ya da ha, goma da biyar, amma da yake haɗuwar haruffan nan biyu gutsure ne na sunan, sai suke rubuta tara da shida a maimakonsa.

Sauran sunayen, kamar El da Elohim, asalinsu ɗaya da ilahu na Larabci, kuma ba baƙi ba ne a kasuwar Tawa, ko da masu ɗauke da su ba su sani ba. Sama'ila ma'anarsa Allah yana ji. Zakari, Ubangiji ya tuna. Iliyasu kuwa, wanda asalinsa Eliyahu ne, ya haɗa El da gutsuren suna mai haruffa huɗu, yana shaida cewa Ubangiji shi ne abin bautarsa. Ta hanyar Alƙur'ani suka iso mana, shi ya sa muka karɓe su hannu biyu.

Musulunci ya bi wata hanya dabam, domin Suratul A'arafi ta umarci muminai su roƙi Allah da sunayensa kyawawa, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya yi bushara da Aljanna ga wanda ya kiyaye sunayensa 99. Saboda haka girmamawarmu ta zama zikiri da jan carbi, tasu ta zama kame baki. Duk da haka tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya nuna a cikin Maƙsadul Asna cewa lafazin Jalala shi ne mai nuni ga Zati, sauran suna komawa gare shi. Musa ɗan Maimun, malamin Yahudawa haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya faɗi kusan haka game da suna mai haruffa huɗu a cikin Dalalatul Ha'irin, wanda da Larabci ya wallafa shi. Mu ma muna da Ismul A'azam da aka sakaya. Kuma tsoron da ya sa Yahudawan Fusɗaɗ suka yi ɗaruruwan shekaru suna tara duk takardar da ake zaton tana da sunan Allah a wani ɗaki na majami'ar Ben Ezra, har Solomon Schechter ya kwashi guntaye fiye da 190,000 zuwa Kambirij a 1897, shi ne tsoron da yake sa almajiri a Illela ya nemi wuri mai tsarki kafin ya zubar da ruwan wankin allonsa, tsohuwa kuma ta duƙa ta tsince takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa ta soke ta a jikin danga.

A ƙasar Adar, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya kafa sarauta a cikinta a ƙarshen ƙarni na 17 alhali Azna suna kan al'adun kakanninsu, nauyin suna ya riga karatu zuwa. Matar da ƴaƴanta suke mutuwa takan kira na baya Ajuji ko Bawa, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Malamai sun yi gaskiya da suka yaƙi aƙidar da ke ƙarƙashin wannan, amma sun tarar da mutanen da suka riga suka yarda cewa suna ba iska ba ne, a kan wannan yarda kuwa suka yi gini.

To, ga abin da ya dame ni. Mutanen da can, in za su taƙaita Abdullahi, wanda shi da Abdurrahman hadisin Muslim ya ce su ne mafi soyuwar sunaye wurin Allah, daga ƙarshe suke yankewa, su ce Abdu ko Audu: su riƙe bawan, su sakaya Ubangijin bawan. Ko da niyya suka yi ko ladabi ne ya ja harshensu, amfanin a fili yake, gama yaro abin kwaɗa wa kira ne daga bakin rijiya, abin tsawa ne, wani lokaci har zagi, bai kuwa kamata sunan Mahalicci ya shiga cikin wannan ba. Samarin yau daga farko suke yankewa, sai ka ji ana kiran Razak da Rahman a filin ƙwallo, an jefar da bawan an ɗora wa yaro sunan Mai arzutawa.

Mai jayayya zai ce ai Alƙur'ani ya kira wani mutumin Masar da Azizu a Suratu Yusufa, ya kuma siffanta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Ra'ufu da Rahimu a ƙarshen Suratut Tauba. Haka ne, kuma don haka ne malamai suka raba sunayen da halitta take iya samun rabo a cikin ma'anarsu, irin su Azizu da Karimu, da waɗanda suka keɓanta ga Allah, irin su Rahmanu da Razzaƙu da Ƙuddusu. Damuwata a kan kashi na biyu take, kuma mafi yawan masu yankewar ba su san akwai rabon ba.

Gyaran yana hannun mutum uku: limamin da ya raɗa sunan, wanda ya kamata ya gaya wa iyaye a zauren suna wane laƙabi ne ya halatta su yanko daga ciki, da ma'aikacin da yake rubuta takardar haihuwa da haruffan Faransanci, wanda in ya raba Abdoul da abin da ke binsa, rabin farko yakan ɓace a takardun gaba, da malamin lakwal mai kiran sunaye kowace safiya, domin abin da ya kira yaro da shi a ajin farko, da shi ƴan ajinsa za su kira shi har ya yi furfura.