Yaƙi da Sanƙarau a Ƙasar Gumel

Tun zamanin kakanni, in hunturu ya wuce bazara ta kama, mutanen ƙasar Gumel sukan zauna cikin fargaban sanƙarau. Daga Gagarawa har Maigatari, yaro yakan kwanta lafiya, ya wayi gari wuya ya sanƙare. Ciwon ba ya lafawa sai ruwan sama ya sauka.

Cikin 1963 wani likita Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da ciwon yake yi wa ɓarna, ƙasar Hausa kuwa tana ciki. Bayan 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka duƙufa bincikensa. Duk da haka annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, domin ƙarfin allurar wancan zamani ba ya daɗewa.

Daga nan masana suka gama kai da wata masana'anta a Indiya, aka ƙago sabuwar allura mai araha. A watan Disamba 2011 aka soma yi wa mutanen Jihar Jigawa, daga ɗan shekara 1 zuwa 29. Irin sanƙarau da aka yi ta dominsa ya kusa ɓacewa, amma 'yan'uwansa ba su daina ɓulla ba, har cikin 2024 aka kawo wata mai tsare mutum daga iri biyar.