BABI NA BIYU: TARIHIN HORAR DA ’YAN DAMBE A ƘASAR KANO

2.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tsokaci ne a kan yadda ake horar da ’yan dambe tun daga zamanin da har zuwa yau, musamman a ƙasar Kano, wadda ta haɗa da yankin kudancinta, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Manufar ita ce a nuna cewa bai wa ɗan wasa mai horarwa na kansa tsohuwar al’ada ce a wajen Bahaushe, ba Turawa suka zo da ita ba.

2.2 Asalin Dambe

Dambe wasa ne da aka fi sanin mahauta da shi, shi ya sa kalangu ya zama kiɗansa. A shekarar 1824 Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya kalli dambe a birnin Kano, ya kuma bayyana yadda ake naɗe hannun ɗan dambe kafin a kara. Wannan ya tabbatar da cewa wasan ya kafu a Kano kusan shekara 80 kafin Turawa su ci birnin da yaƙi a 1903. A karkara kuwa, lokacin kaka ake yinsa, bayan an kawar da amfanin gona, inda ’yan dambe kan bi gari-gari suna neman abokan karawa.

2.3 Ubangida da Yaronsa

Yaro ba ya shiga fili haka kawai. Sai ya kama ƙafa da wani gwani, ya riƙa ɗaukar masa jaka, yana yi masa hidima, yana kallon yadda yake tsayuwa. Ubangidan shi zai duba ƙirar yaron, ya gane ko badame ne ko bahago, ya koya masa naɗin zare da kariya da kai naushi. Haka kuma shi ke nemo masa layu da sauran magunguna. Babban aikinsa shi ne zaɓa masa abokin karawa daidai ƙarfinsa, domin idan aka yi wa sabon shiga mummunan kisa tun farko, zuciyarsa na iya mutuwa har abada.

Ana ganin wannan dangantaka a sunayen ’yan dambe, domin yaro kan jingina laƙabinsa da na maigidansa, a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane. Ke nan nasararsa ko faɗuwarsa ta gidan ce gaba ɗaya. Makaɗa ma suna da nasu gudummawar, kamar yadda waƙoƙin Ɗan’anace suka ɗaukaka sunan Shago.

2.4 Sauye-sauyen Zamani

Da wasan ya koma gidajen dambe na birane, irin na dandalin Ado Bayero a Kano, sai aka shiga biyan kuɗin ƙofa, ana karawa tsakanin ɓangarori uku: Kudu da Arewa da Guramada. Bugu da ƙari, matasa sun rungumi ɗaga ƙarfe domin gina jiki. Wannan wasa ya samu ƙungiyarsa ta duniya a 1946 a Kanada, aka kuma fara gasar Mista Olimpiya a 1965. Samson Dauda, haifaffen Nijeriya da ya koma Ingila, shi ya lashe ta a 2024.

Bambancin shi ne, mai horar da maginin jiki kuɗi ake biyansa, ya tsara abinci da awon nauyi da lokacin hutu. Ubangidan dambe kuwa hidima da biyayya yake karɓa, ya kuma ɗauki nauyin tarbiyyar yaro. Matashin da ya rasa duka biyun shi ne ke cikin haɗari, domin zai iya jin rauni ko ya faɗa shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi masu lalata hanta da zuciya.

2.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa horon ɗan dambe ya ginu ne a kan amana tsakanin ubangida da yaronsa. Babi na gaba zai duba matsayin makaɗa a filin dambe.