Shigar Burtu: Tarihin Rigar da Ta Daina Faɗin Wane Ne Mai Ita

Idan Bahaushe ya ce wani ya yi shigar burtu, yana nufin ya sake kama don ya yaudari ido. Mutane da yawa suna faɗin maganar ba tare da sun taɓa ganin asalinta ba. Burtu baƙin tsuntsu ne babba mai dogon baki, yana kiwo a ƙasa a tsakanin namun daji, su kuwa ba sa gudunsa. Sai maharbi ya sassaƙa kan burtu da itace, ko ya yi amfani da na gaske, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai tsince-tsince. Barewa tana kallon tsuntsu, har kibiya ta iso.

Wannan dabara ta daɗe a dazukan ƙasar Hausa, irin su Rugu da Kogo, waɗanda suka kewaye Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudu maso yammacin Katsina. Sauran kayan maharbi ma haka suke: riga mai launin ƙasa ko na sassaƙen itace, warki, layu da guraye, har da layar zana da masu ita suka yi imani tana ɓatar da su daga ido. Abin lura shi ne, dabba ake ɓoye wa. A cikin gari kuwa wannan riga shela ce. Kowa ya ga mai ita ya san ɗan wane gida ne, ya san Sarkin Bakan da yake bi, ya san inda za a kai ƙara idan ya yi ba daidai ba.

Hukuma a wancan zamani ba ta ɓuya ko kaɗan. Dogarin sarki yana sa ja da kore ne domin a hango shi daga nesa a ba shi hanya. Launin ɓuya na mutanen daji ne, launin bayyana na masu iko.

Bature ne ya haɗa biyun a jiki ɗaya. A 1846, wani hafsan Ingila mai suna Harry Lumsden ya kafa wata runduna a Peshawar, aka sa wa dakarunta tufafi masu launin ƙura maimakon jar rigar da aka san sojan Ingila da ita. Kalmar Farisanci mai nufin ƙura ce ta haifi sunan wannan yadi, ita ce ta iso bakinmu a matsayin kaki. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wadda ta ci Kano ta kuma shiga Katsina a 1903, ita ce ta sabar da idon mutanenmu da kaki. Dabbare-dabbaren kuwa daga baya ya zo. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta kafa sashe na musamman da ta cika da masu zane, aikinsu shi ne shafa wa manyan bindigogi da motoci launukan da za su saje da ƙasa. A 1929 Italiya ta fara buga irin wannan zane a jikin yadi don sojojinta. Daga nan ya bazu, har ya zama idan an ga mai riga dabbare-dabbare a Funtuwa ko Malumfashi, ba a tambaya: soja ne. Rigar da aka ƙirƙiro don kada a ga mutum ta koma shaidar da ake gane shi da ita.

Akwai wani misali daga nesa da ke nuna yadda ma'anar rigar ta rinjayi aikinta. A Turai da Amurka akwai wasan harbi da aka faro da tantabaru masu rai. A 1880 wani mutumin Cincinnati, George Ligowsky, ya ƙirƙiro ɗan faifai na yumɓu da na'ura ke cillawa sama a harbe shi, kuma a 1921 Ingila ta haramta gasar harbin tantabarun da ake saki daga keji. Faifan ba shi da ido, ba ya jin ƙamshi, ba ya gudun kowa. Hasali ma yawanci ruwan lemo ake shafa masa don a gan shi sosai. Saboda haka rigar ɓuya ba ta ƙara wa maharbin komai a filin. Duk da haka hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta sa ta cikin tufafin da ta hana a gasanninta, domin ba ta son a kalli wasa a ga yaƙi. Wato ko a inda babu dabba kuma babu abokin gaba, rigar tana magana, kuma da mutane take yi.

A can, abin da ke cikin maganar bai wuce mutuncin wasa ba. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, rai ne. Dokokin Nijeriya sun hana farar hula sa kayan soja, rundunar soja kuma ta sha yin gargaɗi a kai. Amma doka tana aiki ne inda hukuma ke iya kaiwa. Matashin da ya sayi wandon gwanjo mai dabbare-dabbare a birni na iya shan tsallen kwaɗo a shingen bincike, alhali ɗan bindigan da ke cikin daji yana sanye da cikakken kaki babu mai tanka masa. Hanyoyin samunsa ba ɓoyayyu ba ne: akwai wanda aka tuɓe daga jikin jami'an da aka kashe, akwai wanda ya tsallako iyaka, akwai wanda tela ya ɗinka.

Amfaninsa ga mai kai hari shi ne jinkirin da yake sa wa zuciya. Wanda ya hango baƙi da bindiga zai gudu nan take. Wanda ya hango kaki zai tsaya ya duba, kuma wannan ɗan tsayawar ta isa. A Chibok, a Afrilun 2014, da sunan sojojin da suka zo ceto aka tara ɗalibai. A Kagara ta Jihar Neja, a Fabrairun 2021, shaidu sun ce maharan suna cikin kayan soja. A makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, daren 11 ga Disamba 2020, wasu yara sun shaida wa 'yan jarida cewa sun riga sun haura katanga, sai suka ji ana kiransu su dawo, suka dawo suna zaton jami'an tsaro ne. An sako yara 344 bayan kwana shida. A daren nan duhu ya rufe tufafi, murya ce ta yi aikin burtu, amma dabarar ɗaya ce: a ari kamar wanda aka amince da shi.

Ɓarnar ba ta tsaya a daren hari ba. Sojan gaske da ya shigo ƙauye yanzu yana iya tarar da mutane sun watse, domin ido ya daina rarrabewa. 'Yan sa-kai da maharban da suka tashi kare garuruwansu, wasunsu sun ajiye rigar layu sun ɗauki dabbare-dabbare, don kwarjini. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku, ko damar kiran wani a tambaya su wane ne ke tafe ta ɗauke na wani lokaci. Mutum huɗu na iya fitowa daga daji ɗaya cikin riga iri ɗaya: soja, ɗan sa-kai, maharbi da ɓarawon daji.

Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, da matasa fiye da 1,400 da aka ɗauko daga garuruwan da abin ya shafa, muhawara ta fi karkata ga makamai da albashi. Amma ƙarfin tsarin yana wani wuri. Ɗan gari ne, an san fuskarsa, an san ubansa. Wannan ita ce tsohuwar shaidar da maharbi yake da ita, wadda tela ba ya iya ɗinkawa.

Saboda haka kame masu wandon gwanjo ba zai dawo wa kaki da gaskiyarsa ba. Riga tana zama shaida ne idan akwai suna da lamba a jikinta, akwai wanda ya bayar da ita kuma yana ƙirga ta, akwai ofishin da za a je a yi ƙara a saurara. Kafin a kai nan, manomin Sabuwa da ya hango dabbare-dabbare a bakin gonarsa zai ci gaba da yin abin da barewar da ta taɓa tsira daga kibiya take yi: ko burtun gaske ta gani, gudu take.