Ilimin Muhalli da Matasan Mai'adua: Darasi daga Sassabin Zamani na Maradi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙungiyoyin sa-kai za su haɗa matasan Mai'adua da hanyoyin ruwan yankinsu. Hujjarta ita ce, ilimin muhalli ya fi kama zuciya idan aka koyar da shi a gona da bakin kududdufi, kamar yadda aikin sassabin zamani ya nuna a Maradi.

Gabatarwa

Mai'adua tana Masarautar Daura, a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Damina a nan gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuma jigawa ce. Ruwan da mutane da dabbobi ke sha da rani, ko daga rijiya ko daga madatsar Sabke, na damina ne da ƙasa ta riƙe ko rafi ya tara. Taron Tbilisi na 1977 ya nemi a gina ilimin muhalli a kan matsalolin da ɗalibai ke gani a garinsu, kuma a nan babbar matsalar ita ce ruwa.

Darasin Maradi

A 1983, Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar SIM, ya lura a Maradi cewa kututturan da ake sarewa lokacin sharar gona suna da saiwa mai rai. Manomi zai zaɓi toho mafi ƙarfi a jikin kalgo ko sabara, ya sassabe sauran, ya bar shi ya girma. Bayan farin 1984 wannan dabara ta sassabin zamani ta bazu daga manomi zuwa manomi, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Itatuwan suna karya ƙarfin iska, ganyensu na zama taki, ruwan sama kuma yana samun damar nutsewa maimakon ya kwarara ya haƙa kwazazzabo.

Tsarin da Ake Ba da Shawara

Na farko, ɗalibai su bi sawun ruwa bayan an ɗauke ruwan sama, daga harabar makaranta har fadamar da yake taruwa, su zana taswirarsa. Na biyu, su riƙa auna zurfin rijiyar unguwa kowane wata suna rubutawa. Na uku, kowace makaranta ta samu dattijon manomi da zai koyar da sassabe da rainon gawo. A sa almajirai, 'yan mata masu ɗiban ruwa da yaran makiyaya, domin su suka fi sanin inda ruwa ke fara ƙafewa.

Kammalawa

Katsina na cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Katangar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu. Sai dai dashen da ba mai kula da shi ba ya kai wata damina. Don haka ya kamata ƙungiyoyi, masarauta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma su fara horar da matasan da za su raini itatuwan, su kuma tsare rijiyoyin garinsu.