Daga Ayarin Jakuna Zuwa Kwantena: Yadda Ƙarfe da Tururi Suka Sauya Hanyar Fataucinmu

'Yan uwa mambobi, tunda shekara ta zagayo muna bikin kafuwar ƙungiyarmu, ya kamata mu waiwayi hanyar da ta kawo mu bakin tekun nan. Mu da ke zaune a Akodesewa, kullum manyan motoci na wuce mu daga tashar jiragen ruwa ta Lome, har mun daina jin ƙararsu. Kakanninmu kuwa ba su san teku a matsayin hanyar kasuwa ba.

A ƙarni na 19, fatake kan tashi daga Kano, Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, fatu da baƙin yadi na rini, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro. Madugu ne shugaban ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Tafiyar watanni ce, kuma duk inda aka yada zango akwai maigida mai sauke baƙi, ya adana kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya wa baƙo a kan bashi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa. Wasu suka koma Kete Karaci, wasu suka gangaro kudu.

A kudun suka tarar da sabon zamani. Jamusawa sun mayar da Lome hedkwatar mulkinsu a 1897. Bakin tekun nan ba shi da mashigi, igiyar ruwa kuma tana da ƙarfi, sai jirgi ya tsaya can nesa a riƙa jido kaya da kwale-kwale, wani lokaci ruwa ya cinye su. A 1904 aka gama gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku. Dogo ya biyo baya: na Aneho a 1905, na Kpalime a 1907, na wajen Atakpame a 1911. Faransawa suka ƙarasa shi zuwa Blitta a farkon shekarun 1930. Don kwasar kwakwa, koko da auduga aka shimfiɗa shi, amma 'yan Zongo suka hau da hajarsu.

Babbar girgizar ta zo ne daga gida. Dogon Legas ya isa Kano a 1911. Daga nan goron Asante ya fara bin jirgin ruwa mai tururi zuwa Legas, a ɗora shi a jirgin ƙasa, ya isa Kano cikin 'yan kwanaki da ɗanyensa. Goro kaya ne da ba ya jira. Huhun da ya yi wata uku a bayan jaki ana yayyafa masa ruwa ba zai yi gogayya da wanda ya iso jiya ba. Sannu a hankali manyan ayari suka mutu. Wanda ya nace wa tsohuwar hanya ya karye, wanda ya tura ɗansa ko yaronsa bakin teku ya tsira.

Canjin ya shiga har ɗakunan kwana. Fitilar kananzir ta kori ta man gyaɗa, tela da mai shago suka samu damar aikin dare. Keken ɗinki ya rage kwanakin ɗinka riga. Kuɗin ƙarfe da na takarda suka maye gurbin wuri, wanda a da sai an ɗauki 'yan dako su ɗauke shi. Atamfar masana'antun Ingila da Holan ta cika kasuwa, ta rage cinikin masaƙa da marina na Kano, ta kuma azurta matan Asigame da aka sani da Nana Benz. Jirgin ƙasa ya koya wa ɗan kasuwa duba agogo, domin ba ya jiran kowa ya gama sallama.

Daga baya mota ta yi wa dogo abin da dogo ya yi wa jaki. Tashar jiragen ruwa mai zurfi ta fara aiki a 1968, titin arewa ya haɗa mu da Sinkase, Wagadugu da Yamai. A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa arewacin Lome. Gidaje sun faɗi, amma ciniki bai tsaya ba, saboda dillali ya san maigidansa, maigida ya san baƙonsa.

Mun sake ganin haka da idonmu a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Benin da Nijar, kaya da yawa suka karkato ta Lome da Burkina Faso. Direbobinmu sun yi makonni suna jiran rakiyar sojoji. Waɗanda ba su yi asarar jarinsu ba, galibi masu amintaccen mutum ne a kowace tasha.

Yau waya ce ke ɗauke da farashi da kuɗi. Mu dattawa mu daina yi mata kallon wasan yara, ku kuma matasa ku koyi takardun duwan da lissafin zamani, ku riƙe alkawarin bashi kamar yadda kakanninmu suka riƙe shi a Salaga. Hanya za ta sake sauyawa, kuma ƙungiyar da membobinta suka amince da juna ce za ta iya binta.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya tsare matafiyanmu, Ya sa albarka a kasuwa.