Fim ɗin Pollock da Darasinsa ga Tarihin Masu Fasahar Zamfara

A shekarar 2000 ne ɗan wasan Amurka Ed Harris ya ba da umarnin fim ɗin Pollock, ya kuma fito a matsayin Jackson Pollock (1912-1956), mai zanen da ya shahara da zanen da ba ya kwaikwayon sura, wato wanda ba a ganin mutum ko dabba ko itace a cikinsa, sai launi da layi kawai. Pollock yakan shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya riƙa zagaya shi yana ɗiga fenti da sanda, salon da idon Bahaushe ba zai ɗauke shi baƙo ƙwarai ba, tun da zayyanar bangon soro da aikin aska takwas a wuyan riga ba su dogara ga sura ba.

Fim ɗin ya ba da ƙarfi ga shaye-shayen mutumin, da fushinsa, da haƙurin matarsa Lee Krasner, wadda ita ma mai zane ce, har zuwa hatsarin motar da ya kashe shi a watan Agustan 1956 yana cikin maye. Sai dai tarihi ya nuna cewa manyan ayyukansa sun fito ne tsakanin 1948 da 1950, lokacin da ya kaurace wa giya, don haka mai kallon da ya tashi da tunanin cewa damuwa ce ta haifi gwanintar ya ɗauki abin a baibai. Wuraren da fim ɗin ya fi gamsarwa su ne inda aka bar kyamara a kan hannun Harris yana aiki.

Wannan batu na yadda ake nuna rayuwar mai fasaha a fim ya shafi yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun a Zamfara, inda fasahar da ta fi yin fice ta baki ce da ta kiɗa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, aka san shi da Maradun, ya rasu a 1991, ya gaji kiɗan noma daga mahaifinsa kafin ya zama makaɗin fada mai kotso, har ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Duk mai shirya fim da zai ɗauki rayuwa irin tasa zai haɗu da kunya da rufin asiri, domin iyali da masarauta ba za su lamunta a tona aibin mamaci ba, kuma suna da hujja. Hanin ba ya rage wa fim komai muddin aka mayar da hankali ga aikin kansa: yadda ake ƙulla waƙa tsakanin makaɗi da 'yan amshi, yadda ake tsara kirarin basarake da zambon abokan hamayyarsa, da irin dogaron da mawaƙi ke yi ga kyautar ubangida. Dattawan da suka ga wannan aiki da idonsu suna ta raguwa a garuruwan nan, kuma daga bakinsu ne marubucin fim zai fara.