'Yanci a tunanin Hausawa

'Yanci kalma ce ta Hausa da ke nufin kuɓuta daga mallakar wani ko danniyarsa, da samun ikon gudanar da rayuwa. Ma'anarta ta faɗaɗa daga matsayin haihuwa zuwa siyasa, sannan zuwa haƙƙin ɗan Adam, kuma har yau ana saɓani kan iyakarta.

Asalin kalma

Kalmar tana da tushe ɗaya da ɗa, 'ya da 'ya'ya, an ƙara mata ɗafin -nci, kamar yadda aka samu mutunci daga mutum. A karin harshen Sakkwato ana cewa ɗiyauci, daga ɗiya. A da, ɗa shi ne wanda ba bawa ba, kuma ana sa ran ganin kunya, amana da cika alkawari a wurinsa. Saboda haka 'yanci na tafe da nauyi tun asali. Kishiyarsa ita ce bauta, wadda kuma take nufin ibada, shi ya sa kiran mutum bawan Allah yabo ne.

Zamanin bayi

A ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta a lokacin, bawa kan sami 'yanci ta hanyar fansa, ko ubangidansa ya 'yanta shi don neman lada ko kaffara. Akwai kuma murgu, wato bawa ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangidansa wani abu da aka yanka masa. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya.

Ma'anar siyasa

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da taken sawaba, wato samun sauƙi daga ƙunci. A wurin mabiya Malam Aminu Kano, 'yanci shi ne talaka ya kuɓuta daga aikin tilas da zaluncin mahukuntan En'e. Jam'iyyar NPC kuwa ta fi mayar da hankali ga mulkin kai ba tare da rushe tsarin sarauta ba. Najeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, amma wannan jayayya ba ta ƙare ba. A 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, har da Birnin Kudu da Gwaram. A wannan shekarar aka zaɓi Sule Lamido, ɗan garin Bamaina na yankin Birnin Kudu, ɗan majalisar wakilai a ƙarƙashin PRP. Daga baya ya yi gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015.

Saɓanin fahimta

Babi na huɗu na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora 'yanci a kan mutum ɗaya, inda sashe na 38 ya kare 'yancin tunani da addini. Malaman addini da dama kuwa suna ganin 'yanci na ƙwarai shi ne mutum ya kuɓuta daga bautar ɗan'uwansa da ta son zuciyarsa, cikin iyakokin shari'a, wadda Jigawa ta ƙaddamar a 2000. Fahimtocin biyu sun haɗu a kan ƙin zalunci. Inda suka fi rabuwa shi ne wanda ke da ta cewa a zaɓen miji, shekarun aure, sutura da furuci a kan addini: mutum shi kaɗai, iyayensa, ko hukuma.